Rasuwar Jibgege, Nauyin Bayan Tarakta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya ake sanar da 'yan uwa, abokan aiki da masu wucewa rasuwar Jibgege, nauyin bayan taraktar Kawu. Ajali ya fara zagayarsa ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ya cika ranar Juma'a da yamma a bayan rumfar tara itace, yana da wata bakwai a duniya. Mai wannan sanarwa shi ne wanda ya gina shi da hannunsa, wanda a gida ake kira Auta, a wurin aiki kuma ake kira "kai".

Ga wanda bai san marigayin ba, tsohon duro ne na baƙin mai da aka cika da siminti, tsakuwa da tsofaffin ƙarafa, aka soke shi da sandar ƙarfe ta tsakiya domin a rataye shi a bayan tarakta, inda ake rataya garma. Aikinsa ɗaya ne. Idan cokalin gaba, wato ƙarfen ɗaga kaya da ke gaban tarakta, ya ɗaga gungume, shi zai danne baya don kada tayoyin baya su bar ƙasa.

Kafin a haife shi, Auta ne ke wannan aikin.

Auta ya bar makaranta a aji biyu na sakandare. Ya taɓa ɗinki wata uku, gyaran waya wata biyu, gidan burodi kwana tara. Da Inna ta gaji da ganinsa yana auna titi, sai ta je wurin yayanta mai sana'ar yankan itace ta roƙe shi. Kawu ya dubi Auta sama da ƙasa ya ce, "To, tunda ba ya iya zama wuri ɗaya, ga aikin zama." Aka ɗaura katako a bayan tarakta, aka jibga buhun yashi biyu, aka ce ya hau kai ya riƙe da kyau. Shekara ɗaya da rabi ya yi a kan katakon nan. Taɓon da tayoyi suka watso duk a jikinsa yake ƙarewa, ƙugunsa ya haddace kowane rami da ke hanyar daji. Duk lokacin da gungume ya yi nauyi baya ya ɗaga, sai Yaya, babban ɗan Kawu, wanda ke tuƙi, ya waigo ya daka tsawa: "Kai, danna mana! Ba ka karya ba ne?" Sai ka ce mutum na iya ƙara wa kansa nauyi da niyya.

A kan katakon tunanin marigayin ya zo masa. Da ya faɗa wa Kawu, sai da Kawu ya yi dariya har da tari, sannan ya ce idan abin ya yi aiki zai ba shi zarton inji ya riƙa yanka kamar kowa, idan kuma bai yi ba kujerarsa na nan tana jira.

An haifi Jibgege a bayan ɗakin Inna. Mai Walda na bakin titi ne ya ba da duron, ya huda shi, ya liƙa sandar. Siminti buhu uku ya ci. A cikinsa akwai tsohon sifirin mota, guntayen rodi, kawunan gatari biyu, da kan keken ɗinkin Inna da ya daɗe da mutuwa, wanda ita da kanta ta ɗauko daga ƙarƙashin gado ta ce a sa, ko ya yi amfani a wani wuri. Kwana ashirin da ɗaya Auta yana ba shi ruwa safe da yamma, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, don siminti ya kama sosai. Inna ta gaya wa maƙwabciyarta cewa tun da ta haifi yaron nan ba ta taɓa ganin ya yi abu ɗaya kwana ashirin da ɗaya a jere ba, in ban da barci. Tana faɗa tana dariya, amma ita ce ke tashinsa idan ya makara.

Marigayin ya kasance mai haƙuri, mai kawaici, marar son magana. Bai taɓa neman a tsaya ya sha ruwa ba. Bai taɓa makara ba, tunda a wurin aiki yake kwana. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, kututture ya ƙwale masa gindi ya fi a ƙirga, ko tsagewa bai yi ba. Muryarsa biyu ce kawai. Idan ana tafiya a hanya mai gargada, sandarsa na cewa ƙiii-ƙiii a hankali, kamar tsoho mai gyara zama. Idan aka sauke shi ƙasa da yamma sai ya ce dim, sau ɗaya, har kaji su watse.

Kawu ya cika alkawari, a faɗi gaskiya. Auta ya sauko ƙasa, ya riƙe zarto. Wata bakwai yana tashi kafin a tashe shi. Ya koyi wasa haƙoran zarto, ya koyi duban inda bishiya ke son faɗuwa kafin a taɓa ta. Masu saye da suka zo ɗaukar itace kan zagaya bayan tarakta su ƙwanƙwasa duron su ce, "Wannan dabarar wa?" Kawu kan ce, "Mu nan muka haɗa abinmu."

Game da jinya, marigayin bai taɓa ciwon komai ba. Wasu ne suka kamu, shi ya mutu.

A da, idan aka ɗora wa tarakta abin da ya fi ƙarfinta, bayanta kan ɗaga, Yaya ya tsorata ya sauke, a raba gungumen biyu. Hanyar da take cewa ya isa ke nan. Da Jibgege ya zo sai ta daina ƙorafi, Yaya kuma ya ɗauka ƙarfi ta ƙara. Gungumen da ake rabawa biyu ya koma ɗauka ɗaya. Wanda ake rabawa uku ma ya koma ɗauka ɗaya, don a tashi da wuri. Sau uku Auta yana cewa nauyin da baya ya daina nunawa a kan tayoyin gaba yake sauka, a bari ya yanka. Na ukun a gaban kowa ne, Yaya ya kashe inji don a ji shi da kyau, ya ce, "Jama'a ku matso, injiniya zai yi lacca. Aji biyu zai koya mana tuƙi."

Ranar Talatar nan gindin wata tsohuwar bishiya ne, wanda mutum biyu ba sa haɗa hannu a kansa, ga shi ya sha ruwa. Auta har ya tayar da zarto. Yaya ya ɗaga masa hannu ya ce ya kashe, kada ya ɓata mai. Ya zura cokali, ya ɗaga. Jibgege ya yi abin da aka gina shi ya yi, ya danne, tayoyin baya ko motsi ba su yi ba. Taku goma ba a yi ba tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami, aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, ya ce ƙwas. Tarakta ta durƙusa da hancinta a taɓo. Babu wanda ya ji rauni.

Kawu ya zo da laima. Ya zagaya sau biyu. Ya dubi gungumen, ya dubi ɗansa, sannan ya tsaya a gaban wanda ba shi da baki. Ya ce shekara goma sha ɗaya tarakta na aiki ba ta taɓa karyewa ba sai da aka rataya mata wannan dutsen. Makaniken da aka kira ya buɗe baki ya ce shi dai a ganinsa gungumen ne ya yi yawa. Kawu ya tambaye shi, "Gyara na kira ka ko shari'a?" Makanike ya sunkuya ya ci gaba da kwance noti.

A nan take aka yanke hukunci. A fasa shi. A karɓe zarto a ba ƙanin matar Yaya. Ranar Litinin, idan an gama gyara, a mayar da katako da buhunan yashi, Auta ya koma wurinsa. Kuma tunda shi ya haɗa, shi zai fasa.

Aka miƙa masa guduma ranar Laraba da safe. Ya tsaga duron da kurfi, ya ɓare shi, ya fara duka. Ranar farko gefe kawai ya ɓantare, tafin hannunsa ya yi bororo. Rana ta biyu bororon ya fashe, ƙotar guduma ta karye, aka sake wata. Marigayin bai ba magininsa kunya ba ko a nan: kowane duka sai ya mayar da guduma sama, yana cewa ƙam, ƙam, yana ba da tsakuwa ɗaya-ɗaya kamar mai rowa. Ranar Juma'a da la'asar Kawu ya biyo ta wurin, ya tsaya hannu a baya yana kallo, ya yi tsaki ya ce, "Kai, wannan abu da taurin tsiya yake. Wa ya ce ka yi shi da ƙarfi haka?" Yabon da marigayin ya samu daga bakin mai tarakta ke nan a duk rayuwarsa. Jim kaɗan bayan haka ya rabe gida biyu.

Ya rasu ya bar tarakta ɗaya tana kwance a kan duwatsu, ana sa ran za ta tashi. Ya bar Mai Walda, wanda ya zo ya duba liƙin da ya yi ya ga bai saki ba, ya girgiza kai ya tafi. Ya bar Yaya cikin ƙoshin lafiya, da makulli a aljihu. Ya bar Inna, wadda ta aika a roƙi yayanta ya dawo mata da kan kekenta, aka ce mata an riga an haɗa shi da sauran ƙarafan an kira mai sayen tsohon ƙarfe. Ta dafa ruwa ta gasa wa Auta hannu.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe takwas na safe. Bisa umarnin Kawu, za a kwashi gawar a baro a zuba a ramin da ke ƙofar shiga filin itace, don motoci su daina maƙalewa. Ana buƙatar mai taimakawa da shebur, domin hannun mai makoki ba ya rufuwa. Yaya ya aiko cewa ba zai samu halarta ba. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu ta'aziyya su taimaka kada su ce ai ka yi ƙoƙari, kada kuma su ce a yi haƙuri da manya, an ji wannan tun ranar Talata.

Abin da aka rasa: duro ɗaya. Siminti buhu uku. Ƙotar guduma ɗaya. Aksul ɗaya, an riga an aika a kawo wani. Zarto ɗaya, lafiyarsa ƙalau, yana hannun wani. Fatar tafin hannu biyu. Wata bakwai. Ɗan ƙanwa ɗaya, wanda jakarsa ke ɗaure tun jiya, amma wannan Kawu ba zai sani ba sai ranar Litinin.