Ciyaman Bamalli da Ƙafar Irmiya

Duk wanda bai san Ciyaman Bamalli ba, to baƙo ne a Kurmin Sarki. Mutum ne da Allah Ya hore wa kwarjini da tumbi daidai wa daida. Ya daɗe yana bauta wa ƙasa a wata ma'aikata a Abuja, inda, a faɗarsa, babu takardar da ta taɓa shiga ofishin darakta ba ta bi ta hannunsa ba. Gaskiya ya faɗa. Masinja ne.

Ya yi ritaya a daidai lokacin da 'yan damfara suka addabi unguwa. Yau a zo da hoton marar lafiya, gobe a ce ginin masallaci ko coci wanda ba wanda ya san filinsa. Dattawa suka zauna suka yanke cewa duk mai bin gida-gida, neman taimako ne ko talla ko kamfen, sai ya nuna takarda mai hatimin kwamitin unguwa. Shawara ce mai kyau. Kuskurensu ɗaya, sun yi tambayar wa zai riƙe hatimin alhali Bamalli yana wurin.

Nan da nan zaurensa ya koma ofis, har da labule da kujera mai juyawa. Samari suka raɗa masa Sarkin Ƙofa. Da ya ji, ya ɗauka sarauta ce, ya ƙara wa hularsa tsawo. Ya kori mai tallan sabulu, ya juya masu wa'azi na kowane ɓangare ba tare da nuna bambanci ba. Har wata tsohuwa da ta shiga maƙwabta roƙon gishiri sai da ya tare ta ya fahimtar da ita cewa gishiri ma taimako ne.

"Mutanenmu ba su san firotokol ba," in ji shi. "Mu da muka zauna da manya mun san cewa tausayin da babu tsari hargitsi ne."

Ana haka sai tsautsayi ya faɗa wa Irmiya, makanike mai gareji a Gauraka, wanda gidansa ke kallon na Ciyaman. Jak ɗin da ya ɗaga mota da shi ya zame, motar ta danne masa ƙafa. Likita ya ce a yi aiki da gaggawa, in ba haka ba ƙafar ba za ta tsira ba. Matarsa Godiya, wadda ake kira Maman Debora, ta sayar da keken ɗinkinta, abin bai kai ko'ina ba. Sai Hajiya Azumi, dattijuwar da ke katanga ɗaya da su, ta yafa gyale ta ce su je su karɓi takarda su zaga gidaje.

Ciyaman ya saurare su ido a lumshe, kamar yadda ya ga darakta na yi.

"Baba, kai ma ka san shi," Godiya ta ce a durƙushe. "Ko tayar motarka ce ta sace, shi kake kira."

"Maman Debora, a matsayina na maƙwabci na san Irmiya. A matsayina na Ciyaman, ban san shi ba tukuna."

Ya ce a kawo hoton ƙafar. Aka kawo. Ya ce babu likita a cikin hoton, ƙafar kowa ma tana iya zama. Aka sake ɗauka da likita. Sai ya ce ƙa'ida ita ce mai neman taimako ya bayyana gaban kwamiti da kansa.

"Malam Bamalli," in ji Hajiya Azumi, "mutumin nan ko juyawa a gado sai an juya shi."

"Hajiya, in na karya doka saboda ke, gobe wa zan hana?"

Matan suka gwada zagayawa haka nan. Ciyaman ya bi bayansu ƙofa-ƙofa yana gargaɗin cewa duk gidan da ya ba da ko ƙwandala babu hatimi, sunansa zai kai sama. Ba wanda ya san ina ne saman, shi ya sa kowa ya ji tsoro. Masu ƙarfin hali suka riƙa miƙa ɗan abin da ya samu ta kan katanga.

Kada a ce Ciyaman ba ya aiki da sauri. A cikin makon wani Dakta Titus ya iso da kwat da turare, daga wata gidauniyar share hawayen marayu ta duniya. Ya zube ya ce sunan Ciyaman ya kai har hedikwatarsu, ya miƙa masa allon yabo mai ruwan zinare, an rubuta Garkuwan Talakawa. Kafin baƙo ya gyara zama, hatimi ya sauka. Ciyaman da kansa ya raka shi gida-gida, yana yi masa sallama. Unguwa ta zazzage aljihunta, Dakta ya hau mota ya nufi hanyar Kaduna, wayarsa ta mutu har yau.

Da aka zo masa da ƙorafi, Ciyaman bai girgiza ba. "Takardunsa cikakku ne," ya ce. "Ni na duba su."

Daga ƙarshe kwamiti, wato shi da kujerarsa, ya amince da buƙatar Irmiya. Ya saka babbar riga, ya ɗauko mai hoto, ya tsallaka titi domin miƙa takarda a hukumance. Ya tarar an sallamo Irmiya daga asibiti. Yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe, an maƙale ta da fil a gwiwa.

Godiya ta karɓi takardar da hannu biyu. "Mun gode, Baba. Sai dai ƙafar da aka nema wa izinin, an riga an binne ta."

Hajiya Azumi ta kau da kai. Aka zuba wa babban mutum ido a ji abin da zai ce, shi kuwa bai ba da kunya ba. Ya gyara tabarau ya sake karanta takardar.

"To, wannan ta aikin ƙafa ce. In sandar dogarawa za ku nema, sai an buɗe sabon fayil. Amma don maƙwabtaka, zan sa a hanzarta."

Sannan ya tsuguna kusa da Irmiya, ya dafa kafaɗarsa, ya yi wa mai hoto alama. Hoton yana nan rataye a ofis, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa, shaidar cewa wanda ya bi tsari ba ya taɓewa. Ya yi kyau ƙwarai. Daga ƙugu zuwa sama aka ɗauka.