Ranar da na kori farfesa zuwa gonar zogale

Shekara goma ina koyar da fizik a wata lise, wato sakandare, a Maraɗi, inda ake ce wa malami Mushe, kuma a gurup ɗinmu na malamai a waya, in na yi magana ta zauna. Na sha faɗa musu manyan masana ba su leƙa irin wannan wuri.

Rannan na yi bayanin yadda famfo ke jawo ruwan rijiya, sai wani mai hoton gonar zogale a kan lambarsa ya rubuto: "Mushe, a sake duba lissafin nan."

Raina ya ɓaci. Na danna saƙon murya, minti huɗu cur. Na ce ya koma Jiratawa, garin masu noman zogale, ya ji da ban-ruwansa, kimiyya ba kwaɗon zogale ba ce.

Abokina Sani ya kira ni daga Tibiri yana haki: "Kai, duba sunan da ke jikin littafin da kake koyarwa da shi!"

Sunan mai zogale ne. Ashe farfesa ne da ya ajiye aiki ya dawo gida noma. Lissafin kuma ni na kwafsa.

Wani munafuki, Allah ya isa, ya watsa muryata ko'ina. Yanzu ko ɗan kabu-kabu na tsayar, sai ya washe baki: "Mushe, Jiratawa muka yi?"