Ranar da Katanga ta Cire wa Suruki Hula

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na sauya riƙon bat ɗin tenis ba.

A unguwarmu ta Wambai akwai teburin tenis a gaban shagon Oga Emeka, mai sayar da kayan lantarki. Nan muke haɗuwa da yamma idan mun sauko daga motocin Abuja. A can Katanga ake ce min, don ni ba na kai hari. Ina riƙe bat ne kamar mai gaisawa, ɗan ali a miƙe a bayansa, in ja baya da tebur in yi ta yanke ƙwallo ta dama da ta hagu. Ka yi ta duka ina mayar maka, har ka gaji ka zubar da ita da kanka. (Ba wasa ne mai kyan kallo ba, na sani, amma tumbina ya yarda da shi.)

Matsalar ita ce Nura, ƙanin matata. Duk zuwan da zai yi daga Garam sai ya tsokane ni: "Yaya, wannan ai wasan matsorata ne. Dubi 'yan Chana a waya, riƙon biro suke yi, faf-faf an gama." Ina dariya, amma maganar tana cina. Sai na shiga kallon bidiyo a ɓoye, ina gwada riƙon biro da ludayin miya a kicin. Abin da ban tsaya na lura ba shi ne, wannan riƙo na masu manne wa tebur ne suna kai hari. Mai ja baya yana tarewa, idan ya ɗauke shi, ya bar hagunsa a buɗe kamar gidan da ba ƙyaure.

Wata Asabar Nura ya rako Baba, surukina, duba jikokinsa. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, kuma a duk surukansa ni yake kira natsattse. Da wannan suna nake taƙama a dangin matata. Da za su koma, motar da za ta ɗauke su ta yi jinkiri, sai Oga Emeka ya sa wa Baba benci a inuwa, dab da tebur. Mai hankali gaisuwa zai yi ya ɓace. Ni kuwa da Nura ya miƙo min bat, karɓa na yi, na maƙale shi tsakanin yatsu biyu.

Oga Emeka ya zaro ido. "Katanga, wetin be dis? Bat ne, ba biro ba ne fa!"

Na ce masa ya zuba ido kawai.

Nura ya gano lagona nan take. Duk ƙwallo hagu yake aiko ta, ni kuma ina murɗa wuyan hannu kamar mai matse wanki, ƙwallo na wucewa abinta. Ƙafafuna suna ja da baya yadda suka saba, hannuna yana neman gaba. Mutane suka fara taruwa, gumi ya jiƙe min yatsu. Can sai ga wata ta taso sama, a dama. Na ce yau za a san ni. Na tattara ƙarfina duka na kai mata duka.

Ƙwallon ban taɓa ta ba. Bat ɗin ne ya tafi, ya ɗauke hular Baba, suka sauka tare a bakin kwata.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na ruga na ɗauko hular ina kakkaɓewa, na zube a gabansa ina ta "Baba, a yi haƙuri." Ya karɓa, ya duba ta ciki da waje, ya mayar kansa a natse. Sannan ya ce, "Ba komai. Ni dai an ce min kai tarewa kawai kake yi, shi ya sa na zauna kusa."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matata ta tarbe ni da ludayin nan, ta ce in ci gaba da atisaye da shi, tunda shi bai taɓa raunata kowa ba.

Na koma riƙona na gaisawa, ana kuma ce min Katanga har gobe. A Garam ne dai ba a ƙara kirana natsattse ba, kuma Baba in ya hango ni tafe sai ya dafe hularsa. Na koyi cewa kowa ya riƙe bat yadda wasansa yake. In kuwa dole sai ka gwada na wani, ka fara duba wanda ke zaune a benci.