Sarkin Langar Longsight

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, saboda gwiwata ta hagu tana tuna mini duk ranar da aka tashi da sanyi, ga shi a Manchester kusan kullum da sanyin ake tashi. Abin ya faru ne a gonar wani Bature mai kiwon tumaki, tsakanin garinmu da Birmingham, a gaban iyalai sama da ashirin. Kuma ni na jawo wa kaina, ba wanda ya aike ni.

Duk ƙarshen watan Agusta, mu 'yan Arewa mazauna Manchester mukan haɗu da 'yan'uwanmu na Birmingham mu kafa tantuna mu kwana biyu a fili, wai don yara su san juna. Ban san wanda ya fara kawo shawarar ba, amma na yafe masa. Mutum ya shekara ashirin yana fafutukar samun gida mai ɗumi, sannan ya loda iyalinsa a mota ya je ya kwanta a ƙasa, da asuba yana ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa da buta a hannu yana neman banɗaki. (Matanmu kuwa har yau ba su yarda cewa zango ake zuwa ba. Kulolin dafa-duka da na farfesun da ake saukewa daga motoci sun isa a yi taron suna.)

Matsalar kowace shekara ita ce wasanni. Ƙananan yara ba su da wuya, tsere cikin buhu da ɓuya sun ishe su. Manya kuwa a ba su kujera da shayi, su za su gyara Najeriya kafin azahar. Samarin nan 'yan sha uku zuwa sha shida su ne ciwon kai: kowa ya shige motar ubansa ya rufe, ya dasa ido a waya har a tashi. Shi ya sa a waccan shekarar, da muka zauna shirya tafiya a falona a Longsight, aka yanke shawarar a dawo da wasannin gida. 'Yan mata carafke da 'yar gala-gala, dattawa dara, samari langa, Manchester da Birmingham. Sai aka tsaya a kan wanda zai koya wa yaranmu.

A nan ne ɗana Anas, ɗan shekara sha huɗu, ya ɗago kai daga lungun da yake zaune. Ku fahimce ni, yaron nan ya fi shekara ba abin da ke haɗa ni da shi sai "yeah" da "fine". In na yi masa magana sai ya zare abin kunne guda ɗaya, ya jira in gama, ya mayar. Amma ran nan duka biyun ya zare, ya ce da mutane cikin Turancinsa na 'yan Manchester, ai Abbansa shi ne sarkin langa a unguwarsu a Kano, ba a taɓa kayar da shi ba. Da alfahari ya faɗa. Na ga fuskarsa, kuma na daɗe ban ga ta yi haka saboda ni ba.

To, ni na gaya masa hakan. Tun yana ɗan shekara biyar nake ba shi labarin, kowace shekara ina ƙara gishiri. Gaskiyar magana kuwa, ban taɓa yin langa ba ko sau ɗaya a rayuwata. Mahaifinmu hedimasta ne, kuma a wurinsa duk yaron da ke waje bayan la'asar ya kama hanyar lalacewa. Iyakacin abin da na sani, ta tagar ɗakinmu na gan shi, ita kuma tagar gefe ɗaya kawai na filin take nunawa: wata katanga da yara ke zuwa da ƙafa ɗaya a guje su dafa, a kaure da ihu. Shekara da shekaru ina kallon wannan, don haka na tabbata langa tsere ne. Ka riƙe ƙafa, ka yi tsalle-tsalle, wanda ya riga dafa bango ya ci.

Ya kamata in faɗi gaskiya a falon nan. Sai na gyara zama na ce, "Ai an daɗe, amma jiki ba ya mantuwa."

Mako uku ina kwashe yara takwas zuwa wani fili kusa da Stockport Road bayan na taso daga aiki, a gajiye, ina hura usur. Na jera su a layi, na koya musu kowa ya tsaya a hanyarsa, kar wanda ya taɓa wani. Har doka na ƙirƙiro, cewa wanda ya goge ɗan'uwansa ya fita. Maman Anas ta ce, "Abban Anas, ka ɗan duba a waya mana, ko akwai abin da ka manta." Na ce mata gwani ba ya tambayar waya. Dakta Garba, wani dattijon likita da ke horar da yaran Birmingham, shi ma ya bugo mini. "Injiniya, ya kamata mu yi agreeing a kan rules kafin weekend ɗin." Na yi dariya na ce, "Haba Dakta, langa ce fa, har sai an yi mata meeting?" (Sau biyu Allah ya turo mini mai ceto, sau biyu na kore shi.) Abin da ya rufe mini ido shi ne Anas. A hanyar dawowa daga atisaye yana yi mini hira, yana tambayata yadda nake yi da manyan yara a zamanina, ni kuma ina ƙirƙiro masa amsa.

Akwai mutum ɗaya da ta san gaskiya, yayata, Yaya Rabi, wadda ke aikin jinya a Edgbaston, can Birmingham. Ita ba ta zuwa zangon, ta ce bayanta ba na kwanan ƙasa ba ne. Da wannan na dogara. Muna isa gonar, motar farko da na gani tata ce. An saya mata katifar da ake hura wa iska.

Ranar wasan aka wayi gari da yayyafi, irin wanda ba ya sauka sosai kuma ba ya ɗaukewa. Bayan azahar aka share fili, aka kore tumaki gefe, iyaye suka jera kujeru da lemomi. Yarana takwas suka tsaya a layi ɗaya ƙyam, kamar masu jiran bas. Yaran Dakta kuwa suka yi wani irin tsari, ƙarami ɗaya a tsakiya, sauran sun kewaye shi, kowanne ya kama yatsan ƙafarsa ta baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun a sake yana lilo. Na ce wa kaina salon Birmingham ne. Abokina Bitrus na Gorton, wanda aka ba alƙalanci, ya hura usur.

Minti ɗaya bai cika ba. Yarana suka taho a natse, kowa idonsa a kan igiyar da aka ɗaura a ƙarshen fili, su kuwa na Birmingham suka afka musu da kafaɗa da hannu. Wannan ya faɗi, wancan ya saki ƙafa, biyu suka yi karo da juna. Anas, wanda ya fi kowa tsawo kuma shi ne a gaba, wani ɗan firit da bai kai masa kafaɗa ba ya ture shi, ya tafi da fuska cikin taɓo. Ƙaramin da suke karewa ya wuce abinsa ya taɓa igiya ba wanda ya tare shi. Sai a lokacin, ina da shekara arba'in da bakwai, na ga ɗaya gefen filin da tagarmu ba ta nunawa.

Anas ya miƙe, taɓo har gira, yana ihu. "Foul! Foul ne! Ba a taɓa mutum! Abba, tell them!"

Dakta Garba ya matso, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce, "Injiniya, langa ba ture? To aikin me dawakai za su yi in ba su kare ruwa ba?" Ruwa ashe shi ne ƙaramin nan da ake karewa, dawakai kuma masu kare shi. A ranar na fara jin haka. Har a nan akwai ƙofar tuba a buɗe. Sai bakina ya ce, "Ai mu a unguwarmu haka muke yin ta."

"Wace unguwar?"

Yaya Rabi ce, daga kujerarta, kofin shayi a hannu, ko murya ba ta ɗaga ba. "Auta, wace unguwar? Tamu? Kai da Baba yake kullewa a gida da la'asar? Jama'a, wannan ta taga yake kallo, yana cin gyaɗa. Ko kwata bai taɓa tsallakewa da ƙafa biyu ba, balle ɗaya."

Dariyar da aka yi har tumakin sai da suka ɗago kai. Bitrus ya zauna a ƙasa, usur na fita da kansa daga bakinsa. Ni ban damu da su ba sosai. Anas nake kallo, shi kuma ba ya dariya. Ya dube ni, ya dubi abokansa bakwai da ya yi mako uku yana cika wa baki da ni, ya juya ya nufi mota.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na tuɓe takalmi na ce a fito zagayen manya a gani. Na kama ƙafa ta baya yadda na ga sun yi, na yi tsalle ɗaya, na yi na biyu, a na uku na dira kan abin da tumaki suka bari. Ba wanda ya taɓa ni, wannan kowa shaida ne. Na ji gwiwata ta yi ƙas, na gan ni a kwance ina kallon sama, yayyafi na zuba mini a baki. Kuma kar Allah ya sa ka faɗi a taron da rabinsa likitoci ne. Su shida suka kewaye ni suna musu da Turanci a kan wace jijiya ce, wannan ya lanƙwasa, wancan ya miƙar, ƙarshe suka haɗu a kan in ga GP ɗina, wato likitan unguwarmu, ranar Talata.

Washegari Maman Anas ce ta ja mota, ni ina baya na miƙe ƙafa, Anas na gefena ya juya wa taga fuska. Muka shiga cunkoso a babbar hanya. Can na ce, "Anas, ƙarya na yi maka. Ka yi haƙuri." Bai juyo ba. Mun yi tafiyar kusan minti goma kafin ya zare abin kunnensa, ya yi magana da Hausarsa mai ɗingishi.

"Na ɗaya a aji fa? Kowace shekara?"

"Na bakwai. Sau ɗaya na zo na huɗu."

"Zuwa makaranta a ƙasa, ba takalmi?"

"A bayan Vespa ɗin kakanka nake zuwa. Da takalmi. Da safa."

"Macijin da ka kashe?"

"Gwaggonka Rabi ce ta kashe shi. Ni ina kan tebur."

Maman Anas ta yi tari irin na mai ɓoye dariya. Anas ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, ya kasa. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce to me nake yi duk yamma a bakin tagar. Na ce kallo nake, ina jin ihunsu, ina fatan a bar ni in fita ko sau ɗaya. Ya ce shi ma ya san wannan. Ban tambaye shi me yake nufi ba, shi ya ci gaba da kansa, ya ba ni labarin makarantarsu da ban taɓa ji ba, har muka shigo Longsight abin kunnen na kan cinyarsa. Shekara tara ina gina masa gwarzo, ashe yaron tagar yake son ya gana da shi.

Bana Dakta Garba ne ya horar da ɓangarorin biyu, Anas na cikin dawakai, ni kuma an ba ni tsaron tukunyar shayi, aikin da ake yi a zaune. Yaran nan bakwai har yau in sun gan ni a masallaci sai su ɗage ƙafa ɗaya su gaishe ni, "Sannu, Sarki." Ina amsawa, don gajiya ba ta barina in yi fushi.

Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi, har takwas, na gan su kwance a taɓo da idona. Don haka duk uban da zai ba ɗansa labarin jarumtakarsa ta ƙuruciya, shawarata ita ce ya zaɓi wasan da ake yi a zaune, kuma ya fara tabbatar da cewa yayarsa ba ta da biza.