Jirgin Da Ya Kusa Cika

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa kai Innata Legas ba, alhali likita yana jiranta a Abuja.

Yanar ido ce ta rufe mata gani, har ba ta iya tsince wake. Ƙanwata da ke aure a Abuja ta samo mata ranar aikin ido, ta turo tikitin jirgi daga Sakkwato, ta kuma ja mini kunne cewa in ranar ta wuce sai an sake bin layi na watanni. Ni malamin firamare ne a Bukkuyum, duk gidanmu ni ne "wanda ya san gari", shi ya sa aka danƙa mini Inna. (Ban gaya wa kowa ba cewa jirgi sai dai in hango shi a sama ina gona.)

Ina da dabara guda ta tafiya: a tasha, motar da ta kusa cika ita ake shiga. Da ita na kai mu Gummi, da ita na kai mu Sakkwato, kaina sai ƙara girma yake.

A filin jirgi aka duba takardunmu na shiga, aka buɗe ƙofa. Sai ga jirage biyu a tsaye, ɗaya da dogon layi, ɗaya mutane tsiraru. Ban tambayi kowa ba.

"Inna, taho nan. Wanga ya kusa cika, shi ka fara tashi."

Na hau da ita matakala ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa ma'aikaciyar jirgi ta yi murmushi ta ce, "Sannunku, takardar shiga."

Nan fa malanta ta motsa. Na ɗaga murya yadda na baya za su ji. "An duba ta ciki har sau biyu! Kama da ɓarayi munka yi?"

Ina cikin masifa Inna ta kwance bakin mayafinta, ta ciro tata takardar da ta ɗaure tare da goro, ta miƙa. Yarinyar ta duba.

"Inna, Abuja za ki? Ai wannan Legas za shi. Dalilin da ya sa muke sake dubawa a ƙofa ke nan. In an rufe, ba a tsayawa a sauke mutum a hanya."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ga saukowa ta cikin layin da na gama yi wa wa'azi, ga Inna tana faɗi da ƙarfi, "Kai ɗan nan, tashar Gummi kaɗ ɗauki wurin ga?" Ma'aikaciyar da na yi wa tsawa ita ta sa aka sanar da ɗaya jirgin ya jira mu. Muka isa ana shirin janye matakala. Can kam hannu biyu na sa na miƙa takarda tun ba a tambaya ba.

Aiki ya yi kyau. Da aka cire wa Inna bandeji ta daɗe tana kallona, ni kuwa hawaye na zuba. Sai ta miƙo hannu.

"Ba ni takardun komawa. Yanzu da ni ka gani, ba ni bin makaho."

Tun ranar, ko motar Anka zan shiga sai na tambayi inda za ta kafin in ƙirga kawuna.