Ranar da takalmana suka gaida surukina

Hannun birkin kekena ya cije tun damina, ko da hannu biyu ba ya matsuwa. Matata ta ce in kai wa mai gyara a bakin tashar Gumel. Na ce mata ni da na taɓa kwance fanka na ɗaura, birki ba zai gagare ni ba.

Na ɗauko man shanun miyarta na ɗura a hannun birkin, nan take ya saki. Daɗi ya kwashe ni, na bi wayar birkin na shafe, na bi robar da ke kama taya na shafe ta har tana ƙyalli. Ni ba na aiki rabi da rabi.

Washegari na ɗaure buhun gero a baya, na nufi Gagarawa gaida surukina. Ƙofar gidansa gangare ce, yana zaune kan tabarma da dattawa huɗu. Na matse birki don in sauka in durƙusa. Hannun ya matsu da laushi mai ban sha'awa, keken kuwa ya ƙara wuta.

Na sa ƙafafu a ƙasa, takalmana suka cire suka tsaya daidai gaban tabarma. Ni na wuce ina ihun, "Baba, ina wuni!" Amsarsa a cikin garken awaki ta same ni.

Shekara uku ke nan. Duk sanda na je, sai Baba ya dubi takalmana ya ce, "Sannunku da zuwa. Yau kun taho da shi?"