Ranar Da "Hwa" Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da zangonmu na ƙarshe a sashen nazarin harshe ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar.

Akwai wani ɗan ajinmu, Bashir, Bakano, mai kunne kamar na zomo. Da ka furta kalma zai gaya maka inda harshenka ya taɓa da inda iska ta bi. Malaminmu na ilimin furuci ba ya rufe darasi bai ce a tambayi Bashir ba. Ni kuwa sai in yi murmushin yaƙe. (Ni ma ina da kunne, har biyu, amma ba wanda ya taɓa yaba su.)

Da aka haɗa mu aikin naɗo muryar tsofaffi masu Gobiranci, na ce yau ranata ta zo, don ni ɗan Tsamaye ne, da Gobiranci na tashi. Har na bugi ƙirji a aji cewa "hw" ɗin nan ta "hwari" da "hwata" (wato fari da fata) sai a bakin tsofaffi, mu 'yan boko mun yar da ita. Na ba da kaina a matsayin hujja.

Muka hau mashin daga Sabon Birni zuwa wurin kakata, Inna Tumba. Kafin azahar Bashir ya iya "wanga" da "shina", yana yi tana ƙyaƙyata dariya. Ta ce ta sake ni, ta yi sabon ango. Ta dama masa hura a ƙwaryar da ni ko taɓawa ba a bari in yi. Da ya tashi yin alwala, na matsa kusa da ita na amayar da duk abin da ke raina. Ban lura wayarsa tana kan tabarma tana aikinta ba.

Ranar gabatarwa, Malam ya ce a ƙarshen naɗinmu ya tsinci abin da ya daɗe yana nema: matashi yana magana ba ya taka-tsantsan. Ya kunna lasifika. Sai ga muryata:

"Inna, wanga Bakano hwa bai hi ni komi ba. Hwaɗin rai ɗai gare shi, da neman suna wurin malam."

Sai ta Inna: "Kishi kaka yi, tsohon mijina?"

Aji ya ɓarke da dariya. Malam ko a jikinsa. Ya mayar baya, ya rage gudu, ya rubuta "hwaɗin rai" a allo, ya sa kowa ya maimaita. Ni ma na maimaita, kaina a ƙasa. Bashir ya ɗaga hannu, ya ce a jinsa mai maganar ya zumɓura baki fiye da yadda sautin yake buƙata.

"Madalla, Bashir," in ji Malam. (Kun ji, har a kan gawata sai da aka yabe shi.)

Da na je ba shi haƙuri ya ce ba komai, sai dai yana roƙon izini ya sa jimlar a kundinsa. Na ba shi. Ina da bakin hanawa? Ita ta ja masa makin da ya fi na kowa.

Abin da na koya shi ne, in zuciya ta tashi, harshe gida yake komawa. Kuma in za ka yi gulma, fara duba tabarma.